Begum Rokeya: matar da ta yi mafarkin ƙasar da maza ke cikin kulle, ta farka ta buɗe makaranta

Ranar 9 ga watan Disamba ta kowace shekara, ƙasar Bangladesh kan tuna da wata mata da ba ta taɓa zama a aji a matsayin ɗaliba ba ko da na yini ɗaya. A wannan rana aka haife ta a 1880, a wannan rana kuma ta rasu a 1932, tana da shekara 52 cif. Sunanta Rokeya, wato Ruƙayya a lafazin mutanen Bengal. Bayan ta yi aure ta riƙa sa hannu a rubuce-rubucenta da sunan mijinta, Sakhawat Hossain, amma jama'a sun fi kiran ta Begum Rokeya.

A gida an san ta da makarantar ƴan mata Musulmi da ta kafa a birnin Kalkata. A waje kuwa, waɗanda suka san ta ƙalilan ne, kuma galibinsu ta hanyar wani ɗan gajeren labari suka san ta, wanda ta rubuta da Ingilishi a 1905 mai suna Sultana's Dream, wato Mafarkin Sultana. Labari ne na wata ƙasa da mata ke mulki, suna dafa abinci da zafin rana, suna tatso ruwa daga gajimare, suna tafiya a motar da ke tashi sama, maza kuma suna cikin gida a kulle suna renon yara. Yau ana lissafa shi cikin ƙagaggun labaran kimiyya na farko-farko da mace ta rubuta a kan matsayin mata, ko da yake ya shafe shekaru masu yawa babu mai ambatonsa a wajen Bengal.

Gidan da yarinya ke ɓuya har daga mata

An haifi Rokeya a ƙauyen Pairaband da ke gundumar Rangpur, a arewacin Bengal, lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Mahaifinta, Zahiruddin Muhammad Abu Ali Haidar Saber, babban mai ƙasa ne, irin waɗanda ake kira zamindar, masu karɓar haraji daga manoman da ke aiki a filayensu. Mutum ne mai karatu, ya san Larabci da Farisanci da Urdu da Ingilishi, kuma bai yi ƙwauro wajen ilimin ƴaƴansa maza ba: ya tura biyu daga cikinsu kwalejin St. Xavier's a Kalkata. Ƴaƴa mata kuwa, iyakar abin da aka yarda su koya shi ne karatun Alƙur'ani ba tare da sanin ma'ana ba, sai ɗan Urdu. Har harshen Bengali, wanda kowa ke magana da shi a ƙauyen, ba a so su iya karanta shi, domin manyan gidajen Musulmi na wancan zamani suna ɗaukar sa harshen talakawa da na Hindu.

Kalmar kulle ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, amma wanda ake yi a irin gidan su Rokeya ya wuce abin da aka saba ji. Ba daga maza kaɗai ake ɓoye yarinya ba, har daga matan da ba ƴan gida ba. Rokeya da kanta ta ba da labarin cewa tun tana da shekara biyar, in baƙi mata suka shigo gidansu, sai ta ruga ta ɓuya, wani lokaci ƙarƙashin gado, wani lokaci cikin naɗaɗɗiyar tabarma. Akwai lokacin da wasu baƙi suka zo suka daɗe, aka kai ta wani ɗaki na sama ta yi kwanaki a can, abinci ma sai in wani ya tuna da ita.

Mutum biyu ne suka buɗa mata ƙofa. Yayarta Karimunnesa ta koyi karatun Bengali a ɓoye ta hanyar kallon ƴan'uwanta maza suna karatu. Da asiri ya tonu, dangi suka yi ca, aka gaggauta aurar da ita tun ba ta cika shekara 15 ba. Duk da haka ba ta bar karatu ba, ta zama mai rubuta waƙoƙi, kuma ita ce ta koya wa ƙanwarta haruffan Bengali. Sai babban yayansu Ibrahim Saber, wanda yakan jira mahaifinsu ya yi barci, sannan ya kunna kyandir ya zauna da Rokeya yana koya mata Ingilishi. Ba ta manta da wannan alheri ba. Bayan shekaru ta sadaukar da littafi guda ga kowannensu.

Ibrahim ɗin ne kuma ya tsaya kai da fata wajen zaɓa mata miji. A ƙarshen shekarun 1890, ba ta kai shekara 20 ba, aka aurar da ita ga Sayyid Sakhawat Hossain, wani jami'in mulki da shari'a a garin Bhagalpur na yankin Bihar. Ya ninka ta a shekaru, matarsa ta fari ta rasu ta bar masa ƴa, kuma harshensa Urdu ne. A ido auren bai da wani abin sha'awa. Sai dai mutumin ya yi karatun aikin gona a Ingila, ya ga duniya, kuma ya yarda cewa ilimin mata shi ne maganin yawancin cututtukan al'ummarsa. Ya ƙarfafa mata gwiwa ta yi karatu, ta yi hulɗa da matan Hindu da Kirista masu ilimi, ta kuma yi rubutu. Sun haifi ƴaƴa mata biyu, dukansu sun rasu suna jarirai.

A 1902 rubutunta na farko ya fito a wata mujallar Kalkata. Cikin shekara biyu sunanta ya fara yawo, ba kuma don yabo kaɗai ba. A wata maƙala da ta wallafa a 1904 a kan koma-bayan mata, ta kwatanta awarwaro da sarƙoƙin zinariya da mata ke alfahari da su da mari da sarƙar bayi, ta ce mata sun daɗe cikin bauta har sun fara son ta. Ta kuma yi kakkausar magana a kan yadda maza ke riƙe da nassosin addini suna danne mata da su. Wannan ɓangare ya tayar da ƙura sosai, har ta cire wasu sakin layi lokacin da ta tattara maƙalolinta a littafin Motichur. Amma ba ta janye ainihin hujjarta ba, wadda ita ce mace da namiji kamar ƙafafun keke biyu suke, in ɗaya ta fi ɗaya ƙanƙanta keken ba ya zuwa ko'ina, sai dai ya yi ta kewaya wuri ɗaya.

Mafarkin Sultana

Yadda labarin ya samu ma abin ji ne. Mijinta ya tafi rangadin aiki na ƴan kwanaki, ta rasa abin yi a gida, sai ta ɗauki alƙalami ta gwada ƙarfin Ingilishinta. Da ya dawo ya tambaye ta abin da ta yi a bayansa, ta miƙa masa takardun. A tsaye ya karance su bai ko zauna ba, ya kuma bayyana labarin a matsayin ramuwar gayya mai zafi a kan maza. Ya aika da shi ga wani Bature da ke shugabantar yankin don ya gyara Ingilishin, shi kuma ya mayar da shi bai taɓa komai ba. A 1905 mujallar Indian Ladies' Magazine ta birnin Madras ta buga shi, a 1908 kuma ya fito a ɗan littafi a Kalkata.

Labarin ya fara da wata mata mai suna Sultana tana kishingiɗe a kujera da daddare tana tunanin halin da matan Indiya ke ciki. Sai ga wata mata da ta ɗauka ƙawarta Sara ce, ta gayyace ta yawo. Suna fita ta ga gari ya waye, tituna cike da mutane, kunya ta kama ta domin ba ta saba fita da rana fuska a buɗe ba. Sai ta lura babu namiji ko ɗaya a kan titi. Matan da ke wucewa har dariya suke mata, wai tana noƙe-noƙe kamar namiji. Nan abokiyar tafiyarta ta gaya mata cewa ƙasar mata ce suka shigo, maza suna inda ya dace da su, wato cikin gida.

Sultana ta yi mamaki, sai aka mayar mata da tambaya. In mahaukaci ya tsere, ko namun daji suka shigo kasuwa, wa ake kamawa a rufe, su ko mutanen gari? To me ya sa a Indiya ake rufe mata waɗanda ba su cutar da kowa, a bar waɗanda ake tsoro suna yawo? Da ta kawo hujjar cewa maza sun fi ƙarfi kuma ƙwaƙwalwarsu ta fi girma, sai aka tuna mata cewa zaki ya fi mutum ƙarfi, giwa ta fi shi girman ƙwaƙwalwa, amma ba su ne ke mulkin duniya ba.

Inda labarin ya fi armashi shi ne bayanin yadda abin ya faro. Ƙasar tana da sarauniya mai son kimiyya. Ta ba da umarni a ilmantar da kowace yarinya, ta hana aurar da mace kafin shekara 21, aka kafa jami'o'i biyu na mata a babban birni. Jami'a ta farko ta ƙera wani ƙaton balan-balan da ke shawagi a saman gajimare, an jona masa bututai da ke sauko da ruwa gwargwadon buƙata, ta haka aka rabu da fari da ambaliya da guguwa gaba ɗaya. Jami'a ta biyu, don kishi, ta ƙera na'urar da ke tattara zafin rana ta adana shi a rarraba wa mutane. Maza a lokacin suna can suna ƙara yawan soja da makamai, suna yi wa binciken matan dariya.

Sai wasu ƴan gudun hijirar siyasa suka shigo daga ƙasar maƙwabta. Sarkin can ya nemi a mayar masa da su, sarauniya ta ƙi, ta ce ba ta korar wanda ya nemi mafaka. Yaƙi ya ɓarke, sojojin ƙasar suka sha kashi, abokan gaba suka matso har ya rage kimanin kilomita 40 su shiga babban birni. A taron gaggawa da aka kira, shugabar jami'a ta biyu ta ce tana da dabara, amma da sharaɗi ɗaya: kafin mata su fita fagen fama, dole maza su shiga cikin gida su rufe ƙofa, domin kiyaye mutunci da tsarin kulle. Mazan, ga rauni ga gajiya, suka karɓi sharaɗin da murna. Shugabar ta fita da ɗalibanta 2,000, suka haska wa rundunar abokan gaba zafin ranar da suka tara, rundunar ta watse a guje. Da mazan suka huta suka nemi fitowa, aka ce su dakata, za a neme su in an buƙace su. Ba a sake buƙatar su ba.

Wannan shi ne wurin da Rokeya ta fi nuna gwaninta. Ba da ƙarfi aka rufe mazan ba. Da hujjar da su da kansu suke rufe mata da ita aka shigar da su, wato mutunci da kariya, kuma da ƙafafunsu suka shiga. Ɓangaren mata a gidajen Indiya ana kiran sa zenana, na maza kuma mardana. Abin da ta yi kawai shi ne ta juya makullin daga wannan ƙofa zuwa waccan, ta bar mai karatu namiji ya ji yadda abin yake a jikinsa.

Sauran labarin zagaye ne cikin wannan sabuwar duniya. Babu hayaƙi a madafa domin da rana ake girki. Da wutar lantarki ake noma. Babu annoba, babu cizon sauro. Babu ɗan sanda babu alƙali, tun da masu aikata laifin suna cikin gida. Aikin ofis na yini ana gama shi cikin awa biyu, domin a lissafin Sara, daga cikin awa bakwai da maza ke cewa suna aiki, shida a shan taba da surutu suke ƙarewa. Wanda ya yi ƙarya ba a kashe shi, ana dai roƙon sa ya bar ƙasar. A ƙarshe an ɗauki Sultana a wata mota mai fukafukai da lantarki ke kaɗawa, da ƙwallayen iskar haidurojin da ke rage mata nauyi, aka kai ta gaban sarauniya. Sarauniyar ta shaida mata cewa ba sa kwaɗayin ƙasar kowa, ba sa yaƙi a kan lu'ulu'u ko da ya fi Koh-i-Noor haske. Duk ɗan Indiya na 1905 ya san inda wannan magana ta dosa, domin Koh-i-Noor yana Landan tun da Turawan Ingila suka karɓe shi bayan cin Punjab a 1849. A hanyar dawowa Sultana ta zame daga motar, ta farka ta ga kanta a kujerarta.

In za a auna shi da ma'aunin adabi, labarin yana da rauni. Gajere ne ƙwarai, mutanen cikinsa ba su da wata rayuwa ta kansu, Sara kuma lacca take yi daga farko har ƙarshe. Ba a ji ta bakin namiji ko ɗaya ba, ba a kuma ga talaka ba. Amma a tuna lokacin da aka rubuta shi. Bai kai shekara biyu ba da ƴan'uwan nan biyu na gidan Wright suka fara tashi da jirgi a Amurka, a Disamban 1903. Maganar tara hasken rana a yi aiki da shi, wadda yau ta zama allunan sola a kan rufin gidaje, a lokacin ba ta zama ruwan dare ba. Kuma wadda ta rubuta shi mace ce da ta koyi Ingilishi a hasken kyandir. Shahararren littafin Herland na Ba'amurkiya Charlotte Perkins Gilman, wanda shi ma ƙasar mata zalla ya siffanta, sai a 1915 ya fito, shekara goma bayan na Rokeya.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi a labarin shi ne jerin yadda abubuwa suka faru. Kafin balan-balan, kafin na'urar rana, kafin nasarar yaƙi, abin da sarauniya ta fara yi shi ne buɗe makarantu da ɗaga shekarun aure. Daga cikin dukkan abubuwan al'ajabi na mafarkin, wannan ne kaɗai mace ɗaya za ta iya fara ginawa da hannunta, kuma a kansa Rokeya ta ƙarar da sauran rayuwarta.

Ɗalibai biyar, sannan takwas

Sakhawat Hossain ya yi fama da ciwon sukari har idanunsa suka raunana, ya rasu a watan Mayun 1909. Ya ware mata rupi 10,000 domin ta buɗe makarantar ƴan mata Musulmi. Bayan wata biyar, a Oktoban shekarar, ta buɗe ta a Bhagalpur da ɗalibai biyar, ta sa mata sunansa. Ba a je ko'ina ba rikicin gado ya taso tsakaninta da ƴar mijinta da mijin ƴar, har ta kai ta bar gidan, ta rufe makarantar, ta koma Kalkata. A ranar 16 ga Maris 1911 ta sake buɗe makarantar Sakhawat a wani ɗan gida da ke layin Waliullah, da ɗalibai takwas.

Matar da ba ta taɓa ganin cikin aji ba ta zama shugabar makaranta. Da farko ba ta ma fahimci yadda malama ɗaya ke koyar da yara da yawa a lokaci guda ba. Sai ta riƙa zuwa makarantun ƴan mata na Hindu da na mabiya ɗariƙar Brahmo tana zama tana kallo, ta dawo ta gwada. Su waɗannan sun riga Musulmi nisa: makarantar Bethune ta Kalkata tun 1849 take, kuma a 1883 mata biyu ƴan Bengal suka karɓi digiri a jami'ar birnin. Musulmi kuwa, gida-gida Rokeya ta riƙa bi cikin burƙa tana roƙon iyaye su ba ta ƴaƴansu, tana yi musu alkawarin cewa babu namijin da zai gan su. Wasu suka rufe mata ƙofa, wasu suka yaɗa cewa bazawara ce mai neman miji, wasu suka ce Turawa take yi wa aiki.

Alkawarin nan na sutura ya jawo mata wahalar da ita kanta ta mayar abin dariya mai ɗaci a rubuce. Da makarantar ta samu motar bas ta ɗaukar ɗalibai, an rufe ta ruf, sai ƴan ƙananan kafofin iska a sama. A zafin Kalkata yara suka riƙa amai, wasu suna suma, iyaye suka kawo kuka. Aka cire murfin aka sa labule. Sai ga wasiƙu daga wasu da ba su sa sunansu ba, suna cewa iska na ɗaga labulen ana hango ƴan mata, in ba a gyara ba za su kai maganar jaridu su sa a janye yara. Gaba kura, baya sayaki. Haka ta yi ta lallaɓawa tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ɗalibai suka yi ta ƙaruwa. A 1915 sun haura 80, a 1930 kuma makarantar ta zama cikakkiyar sakandare. Ana koyar da Alƙur'ani da fassararsa, da Urdu da Farisanci da Ingilishi da lissafi, daga baya aka ƙara Bengali, tare da ɗinki, girki, jinya da motsa jiki.

Masu karanta Mafarkin Sultana a yau sukan yi mamaki in suka ji cewa marubuciyarsa ba ta taɓa ajiye burƙa ba har ta mutu, kuma ta rubuta maƙala tana kare suturta jiki. A wurinta babu saɓani. Ta bambanta tsakanin sutura, wadda ta ɗauka kamun kai ce, da tsarewa a ɗaki, wadda ke hana mace ilimi da iska da likita. Yayin da shekaru suka ja, ta ƙara jingina hujjarta ga addinin kansa: Musulunci ya wajabta neman ilimi a kan mace da namiji, ya ba mace gado da ikon amincewa da aure, maza ne suka ƙwace. Ta rubuta wata maƙala da Ingilishi a 1927 wadda take nata ke nufin Allah ne ke bayarwa, mutum ke ƙwacewa. Wasu na ganin wannan dabara ce ta shugabar makaranta da ke tsoron a kwashe mata ɗalibai, wasu na ganin imaninta ke nan. Babu abin da ya hana duka biyun zama gaskiya.

A 1916 ta kafa ƙungiyar mata Musulmi ta Anjuman-e-Khawatin-e-Islam a Kalkata, wadda ta riƙa tallafa wa zawarawa, tana biya wa ƴaƴan talakawa kuɗin makaranta, tana shiga unguwannin marasa galihu tana koyar da karatu da tsabta da renon jarirai.

Bayan mafarki

Ba ta bar ƙirƙira ba. A kashi na biyu na Motichur, wanda ya fito a 1922, ta sa fassarar Mafarkin Sultana da Bengali, tare da wasu tatsuniyoyi masu harshen damo. A ɗaya daga cikinsu, wata uwa ce ke kwance ba lafiya, maganinta wani ɗan itace ne na ƴanci da ke kan dutse, ƴaƴanta maza suka yi ta ƙoƙari suka kasa, domin sun hana ƴan'uwansu mata sa hannu. Uwar ita ce Indiya, kuma ƴan gwagwarmayar neman ƴancin kai ake yi wa hannunka mai sanda.

A 1924 ta fitar da Padmarag, littafin da ya fi Mafarkin Sultana tsawo da nauyi, amma bai kai shi suna ba. A nan babu motar sama. Akwai wani gida a Kalkata mai suna Tarini Bhavan da wata bazawara ta kafa, mai makaranta da wurin sana'a da ɗakin jinya, inda matan Hindu da Musulmi da Kirista da aure ya gasa wa aya a hannu suke zaune tare suna ciyar da kansu. Kowace na da labarinta na duka, ko kishiya, ko saki, ko ƙwacen dukiya. Tauraruwar littafin, Siddika, ta sake haɗuwa da mutumin da aka ɗaura mata aure da shi aka raba su, suna son juna, kuma duk mai karatu na jiran su koma. Sai ta ƙi, ta zaɓi ta ci gaba da aikin wayar da kan mata. A adabin Bengali na lokacin, wannan ƙarshe baƙon abu ne.

Littafinta mafi ɗaci shi ne Abarodhbasini, wato matan da ke tsare, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Mohammadi kafin a haɗa shi a 1931. Ba ƙage ba ne, rahotanni ne gajeru guda 47 na abin da ta gani ko aka ba ta labari. Akwai matar da gidansu ya kama wuta, ta kwashi kayan adonta ta nufo ƙofa, ta ga tsakar gida cike da maza masu kashe gobara, ta koma ɗaki ta shige ƙarƙashin gado, a nan ta ƙone. Akwai wadda burƙarta ta harɗe ta ta faɗa kan layin dogo a tashar Kiul, mai yi mata hidima ta hana maza taɓa ta, ita kuma ta kasa ɗaga ta, har jirgi ya iso. Wanda ya karanta waɗannan ya koma ga Mafarkin Sultana, dariyar da zai yi ba irin ta farko ba ce.

Kimanin shekara 25 bayan ta ƙaga motar sama a takarda, ta shiga jirgin sama na gaske, ya zaga da ita sararin Kalkata. Ta rubuta labarin tafiyar a 1932, kuma a cikinsa ne ta ba da tarihin ranar da mijinta ya karanta labarin a tsaye. A daren 8 ga Disamba na shekarar ta zauna tana rubuta wata maƙala a kan haƙƙin mata. Da asuba ciwon zuciya ya kama ta, ta cika. An tarar da maƙalar a kan teburinta ba ta ƙarasa ba.

Shamsunnahar Mahmud, ɗaya daga cikin matasan matan da suka taso a inuwarta, ta rubuta tarihin rayuwarta a 1937. Gwamnati ta karɓi makarantar, kuma har yau tana aiki a Kalkata da sunan Sakhawat. A Bangladesh akwai jami'a mai sunanta a Rangpur wadda aka kafa a 2008, akwai lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa mata da sunanta, kuma a ƙuri'ar da sashen Bengali na BBC ya gudanar a 2004 ta zo ta shida a jerin ƴan Bengal mafi girma a tarihi. Mafarkin Sultana kuwa sai a 1988 ya isa hannun masu karatu na waje sosai, lokacin da wani gidan ɗab'i na mata a New York ya sake buga shi tare da wasu rahotanni daga Abarodhbasini. A 2023 wata mai shirya fim ƴar Sifen, Isabel Herguera, ta yi fim ɗin zane a kansa, a 2024 kuma aka shigar da shi kundin UNESCO na muhimman rubuce-rubucen tarihi na yankin Asiya da Pasifik.

An binne Rokeya a Sodepur, arewa da Kalkata. Bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, yawancin masu girmama ta suka kasance a ɗaya gefen iyaka, kabarin ya ɓace wa mutane tsawon shekaru, sai da masanin tarihi Amalendu De ya bi sawu ya gano shi. Yana cikin harabar wata makarantar ƴan mata a Panihati, kusa da kogin Hooghly.